Aljihun da Na Ɗinka da Hannuna

Ku matso, jama'a, yau babu kwana-kwana. Masu cika min akwatin saƙo da "Tela, kin yi shiru, ko angon ya ɗauke ki ne?" ku yi haƙuri, babu angon da ya ɗauke ni. Asibiti ne ya riƙe ni. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da likita ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena, ya nuna min wani abu kamar ƙullin zare a cikin hanjina, ya ce, "Ki yi haƙuri, kansa ce."

Shekarata ashirin da bakwai. Wata takwas na yi ina shan maganin basir, domin duk wadda na raɗa wa cewa ina ganin jini sai ta ce, "Haba, zaman keke ne, duk tela haka yake." Ni kuwa na yarda. Tef ɗin awona ne kaɗai bai yi min ƙarya ba. Doguwar rigar da na ɗinka wa kaina, ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, wadda zan sa ranar da manyan saurayina za su zo gidanmu, sau uku ina rage mata ƙugu. A na ukun ne na ajiye almakashi na tafi asibiti.

Likita bai ɓoye min komai ba. Za a yi min aiki ranar Litinin ta sama, a yanke wajen da ya lalace. Mai yiwuwa in farka da wata 'yar ƙofa a gefen cikina, da jaka manne a kanta, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Wataƙila na wata shida, wataƙila har abada. Ina jin haka na ce masa, "Likita, nan da mako biyu, ranar Asabar, za a zo tsayar da maganar aurena." Bawan Allah ya cire tabarau ya goge.

A gida kuwa, kafin in cire mayafi Gwaggo ta iso. Yayar mahaifina ce, kuma tun da Baba ya rasu ita ce bakin gidanmu. In ta yi magana Umma sunkuyar da kai take, ko da kuwa a kan launin labule ne. Ban taɓa jin Umma ta ce mata a'a ba tunda nake.

Gwaggo ta zauna a doguwar kujera, ta tuɓe takalmi, ta ce a rufe taga.

"Ulsa ce," ta ce.

"Gwaggo, likita cewa ya yi..."

"Na ce ulsa ce! Ni ban ji wani suna ba, kuma kada in ji shi a gidan nan. Asabar su zo, a tsayar da magana. In an yi aikin, mu ce ɗan ƙari aka cire. Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Baki shi ke yanka wuya. Wane dangi ne za su ji wannan su dawo?"

Na kalli Umma. Tana ta murza gefen zaninta, hawaye na ɗiga a bayan hannunta, ba ta ɗago ba.

Kada ku zagi Gwaggona, don Allah. Sona take, da irin son da ta iya. Amma ni kwana goma na yi ina yawo da suna a bakina kamar garwashi, babu inda zan tofar.

Ga kuma Mai Sanyi. Haka na rubuta sunansa a wayata, domin gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, kuma shi kansa ba ya zafi. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashe ni.

"Telata, kin karya?"

"Na karya."

"Ƙarya. Jiya na ga agogonki yana yawo a hannu. Ko zumuɗin Asabar ne ya hana ki ci?"

"Kai dai ka ji da firjin mutane."

In tura masa fuskar dariya, in kifa wayar a ƙirji in yi ta kuka. Wallahi ban taɓa raina kaina kamar a kwanakin nan ba.

Bari in tuna muku yadda muka haɗu, don kada sababbin zuwa su ɓata. Shekara biyu da suka wuce ya shigo shagona da shuɗin yadi a leda da wata takarda a hannu. Siket yake so a ɗinka wa mahaifiyarsa. Na karanta awon, na ɗago na dube shi. Ƙugu ya hau har saman cibiya, roba mai laushi ba zif ba, sannan wai a yi aljihu a ciki, ba a waje ba, ta gefen hagu, faɗin tafin hannu da rabi, da yadin auduga mai kauri.

"Malam, wannan siket ne ko jakar makaranta?" na ce. "Aljihu a ciki? Me za ta ɓoye?"

"Haka take so."

"To ta zo in auna ta da kaina."

"Ba ta fita."

Na yi tsaki a raina na ce tsofaffi da rigima. Amma ni ba na aikin ha'inci. Na zauna na yi wa aljihun nan ɗinki biyu, na naɗe bakinsa don kada ya goge fata, na ɗan karkata shi yadda abin da aka sa ba zai yi lilo ba. A cikin lafin ƙasan siket ɗin kuma na sa alamata, ɗigo uku na jan zare, wadda nake sa wa duk abin da ya fita daga hannuna. Bayan wata biyu ya dawo da wani yadin. Sai wani. A siket na huɗu ya ce shi fa ba ɗinki kaɗai ke kawo shi ba. Siket shida na ɗinka wa matar nan. Ƙugu talatin da huɗu, tsawo arba'in da ɗaya. Na san ƙugunta, ban san fuskarta ba, domin a cewarsa ba ta son hoto, ni kuma kunya ta hana ni matsawa.

To, ranar da na je gwajin jini, wata nas mai wushirya ta bi ni har baranda ta danƙa min 'yar takarda. "Alhamis, ƙarfe goma na safe, ɗakin da ke bayan wajen karɓar magani. Masu irin ciwonki ne ke haɗuwa. Ki je, ko ba za ki ce komai ba."

Yau Alhamis. Na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan toka, na ce wa Umma zan je sayen zare.

Na ɗauka zan tarar da ɗakin makoki. Tun daga baranda sai na jiyo shewa. Kujerun roba tara a zagaye, fanka na ƙara kamar za ta faɗo, flas ɗin shayi a kan tebur. Wani dattijo mai ƙaton ciki, Direba suke ce masa, yana tsaye yana ba da labari, yana dafe da gefen rigarsa.

"Ai ni kwandasta na sa wa tawa jakar," ya ce. "Duk inda na je yana nan. Ranar nan mota ta yi tsit, fasinja cike, sai kwandasta ya yi wata ƙara, ɓurrr! Na juya na harari na kusa da ni na ce, Alhaji, haba dai!"

Ɗakin ya kwashe. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ta farko a kwana goma sha ɗaya. Na rufe baki da mayafi kamar na yi sata.

Wata mata ta nuna min kujera kusa da ita. Doguwa, siririya, farin gashi ya leƙo ta gaban ɗankwali, tana zaune a miƙe kamar mai jiran a kawo mata littafin kiran suna. Malama suke kiranta, ita ce ke jan zaman.

"Baƙuwa, dokokinmu uku ne," ta ce. "Ba a langaɓe kai a ce wa mutum sannu, mun ƙoshi da ita a gida. Abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana. Sannan kowa sai ya kira ciwonsa da sunansa. Ke ce ta ƙarshe, ki zauna ki ji tukuna."

Suka fara. Wata mai gyaran gashi, shekara uku da aiki, ta haihu a bara. Wani malamin lissafi da ke tsakiyar karɓar kemo, ƙarin ruwan maganin kansa, ya ce yatsunsa ba sa jin alli amma bai fasa shiga aji ba. Kowa ya buɗe baki sai ya ce "kansar hanji" kamar yana faɗin unguwarsu. Ni dai kaina na ƙasa, kuma kun san idon tela, ko a makabarta lafin riga yake kallo. Idona ya sauka a kan siket ɗin Malama. Shuɗi. Na ce a raina, wannan yankan ya yi kyau. Sai ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, lafin ya ɗan juye.

Ɗigo uku na jan zare.

Jama'a, alamata ce! Na ƙara kallo. Ƙugun ya hau saman cibiya. Hannuna ne, ko a mafarki na san shi.

"Na ga kina kallon cikina," Malama ta ce tana murmushi. "Jakar ce ke ba ki tsoro, ko? Kowa haka yake zuwa. Maza, ku kalli fanka."

Direba da malamin lissafi suka ɗaga kai sama kamar masu duban hadari. Ta ɗage gefen rigarta, ta naɗe bakin siket ɗin. Ga jakar nan, ruwan ƙasa, ba ta kai tafin hannuna biyu ba, kwance lafiya lau a cikin aljihuna.

"Wata takwas na yi ban leƙa ƙofar gida ba," ta ce. "Ni da na yi shekara talatin ina tsawa a gaban aji. In na yi tafiya sai ta riƙa lilo tana ƙara kamar leda, in ga kamar duk duniya na ji. Ɗana ne ya zauna ya zana aljihun nan a takarda. Tela uku suka ɓata min yadi. Ta huɗun, wata yarinya, ba ta san ma na mene ne ba, amma dubi yadda ta karkata shi. Dubi bakin, ko sau ɗaya bai taɓa cin fatata ba. Ranar da na sa shi na taka har kasuwa na dawo. Duk wanda kika gani a ɗakin nan, siket ɗin nan ne ya kawo ni na tara shi."

Mai gyaran gashi ta ce, "Malama, faɗa mata sauran mana."

"Sauran kuwa," Malama ta gyara zama, fuskarta ta cika da haske, "na ce wa ɗana, hannun da ya yi wannan kada ka bari ya tafi wani gida. Jibi za a je tambayar mana ita."

Aka yi tafi. Ni kuwa ƙofa nake kallo. Taku biyar ne tsakanina da ita. Ba ta san fuskata ba, ban faɗi sana'ata ba. Zan iya cewa fitsari nake ji, in fita, in koma gida in zama mai ulsa. Muryar Gwaggo na ta kaɗa min a kunne. Amma wani abu ya riƙe ni a kujerar nan, kuma zan faɗa muku gaskiya, ba jarumta ba ce. Alfahari ne. Shekara biyu ina ɗaukar aljihun nan rigimar tsohuwa, ashe mutum na fitar daga ɗaki. Hannun da ya yi wannan ba zai koma gida yana rawa ba.

"Baƙuwa, ke muke jira."

Na miƙe.

"Shekarata ashirin da bakwai," na ce. "Ina da kansar hanji. Litinin ta sama za a yi min aiki." Na dubi Malama. "Kuma ni tela ce. Malama, in kika juya lafin siket ɗinki za ki ga ɗigo uku na jan zare. Ƙugunki talatin da huɗu, tsawo arba'in da ɗaya. Na shidan kore ne, na ƙara masa rabin inci don an ce kin ɗan yi ƙiba."

Direba ya sauke kofinsa a hankali ya ce, "Ikon Allah."

Malama ba ta juya lafin ba. Ta miƙo hannu ta kama nawa, ta juya shi, ta shafa kantar almakashi da ke babban yatsana.

"Ya sani?"

"A'a. An hana ni faɗa."

Sai ta yi wata dariya mai haɗe da hawaye. "Ni ma na hana shi faɗa miki nawa. Na ce kada danginki su ce gidan masu ciwo ne. Kin ga shirme? Gida biyu, kowa ya rufe tagarsa, abu ɗaya ake ɓoyo." Ta share ido da gefen mayafi, muryar aji ta dawo. "Saurara, 'yata. Doka doka ce, ba zai ji daga bakina ba. Kuma ba zan yi miki rantsuwa a kansa ba. Wanda bai sani ba shi ke saurin cewa ba komai. Shi ya sani. Wata huɗu ya yi a kan kujerar gefen gadona. Shi ya koyi canza jakar nan kafin ni, ya san warinta, ya san ranar da na roƙi Allah ya ɗauke ni. Ko zai iya komawa wannan hanya karo na biyu, ni uwarsa ban sani ba. Yana nan tafe ƙarfe sha biyu ya ɗauke ni. Akwai ƙofar baya, in kina so."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malama," na ce. "Ta gaba zan bi."

Kafin a tashi, mata huɗu suka karɓi lambata, kowacce na son aljihu. Direba ya ce shi ma a duba lamarin wandonsa, kwandasta na bukatar kujera.

Muka fito tare, hannunta a kafaɗata, katin asibitina a hannu ban sa shi a jaka ba. Tsohuwar motar aikinsa na ƙarƙashin bishiya, tsani ɗaure a sama. Ya hango mu, ya fito da murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. Ya kalli mahaifiyarsa, ya kalle ni, ya kalli ƙofar da muka fito. Ya san ɗakin. Ya san launin katin.

"Telata, me kike yi a nan?"

"Ba ulsa ba ce," na ce. "Kansar hanji ce. Litinin ta sama za a yi aiki, kuma wataƙila in tashi da jaka. Ban so a zo Asabar ba ka sani ba. In ka fasa, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya dafa murfin mota. Leɓensa ya motsa sau biyu. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ki lafiya."

Shi ke nan. Abin da baƙo ke faɗa wa baƙo a layin karɓar magani. Ya buɗe wa mahaifiyarsa ƙofa, ya ce in shiga ya sauke ni, idonsa a ƙasa. Na ce ya bari, ina da sayayya. Suka tafi.

Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, ya fi allurar da aka yi min jiya. Amma ban yi kuka a titi ba. Na sayi zaren da na ce zan saya, na buɗe shagona, na ɗauko wani yadi ruwan goro da na daɗe ina ajiya. Na auna kaina. Na yanka siket mai hawa saman cibiya, na yi masa aljihu a ciki, ɗinki biyu, na karkata shi. Ban san gefen da likita zai zaɓa ba, sai na yi hagu da dama. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Na sa ɗigona uku, na rufe shago bayan la'asar.

Na tarar da Gwaggo a falo tana sa Umma canza rigunan kujeru saboda baƙin Asabar. Ina zama wayata ta yi ƙara. Mai Sanyi.

"Ki yafe min shirun ɗazu. Na sauke Hajiya, na tsaya a gefen titi na yi kukana na gama, don kada in zo in yi miki shi a asibiti."

Wani ya shigo.

"Ki tanadi silifas marar santsi. Riga mai maɓalli a gaba guda uku. Man leɓe, baki na bushewa sosai. Ƙaramin matashi na dafe ciki in za ki yi tari. Doguwar wayar caji, soket ɗin na da nisa da gado. Kada ki sayi flas, ina da shi. Kujerar gefen gadon ma na san yadda ake kwantar da bayanta."

Sai na uku.

"Asabar ƙarfe huɗu muna nan. Hajiya ta ce da ƙafarta za ta zo, a shuɗin siket."

Na karanta sau uku. Ban san fuskata ta tona ni ba sai da Gwaggo ta saki rigar kujera ta zuba min ido.

"Ke, wannan murmushi da hawaye fa? Ina fata dai ba ki yi suɓutar baki ba."

Na ajiye wayar a kan tebur, na miƙe tsaye kamar yadda na yi da safe. Taga a buɗe take, ban rufe ba.

"Gwaggo, kansar hanji gare ni. Kuma sun sani."

"Innalillahi! Wane munafukin ne ya kai musu?"

"Ni ce. Da bakina, a tsaye."

Gwaggo ta dafe ƙirji, ta ja mayafi ta yafa. "Kin kashe aurenki, 'yar nan! Miƙo min wayar, in kira shi yanzu in ce zafin ciwo ne ya sa ki sambatu. Miƙo!"

Ta kai hannu. Amma wani hannun ya riga nata sauka a kan wayar, siriri, da zaren rigar kujera maƙale a yatsa. Umma ce. Ta ɗago kai ta dubi Gwaggo ido cikin ido.

"Yaya," ta ce, "zauna. 'Yata ba ta gama magana ba."